Buhunan Wake a Ɗakin Inna

Jos
12 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga bawana Ilisha,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Rahama da yara, da duk mutanen Malikanchi. Yaya aikin kaka? Ni nan lafiya lau, sai sanyin Jos da aikin asibiti, ga kuma wani karatu da na jajiɓo wa kaina duk ranar Asabar.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya, kai ka jawo. Na kira ka ya fi sau ashirin, ko a ce a kashe take, ko ta yi ta kuka har ta gaji. Na san za ka ce ba sabis a gidanku sai an hau tudun bayan coci. To, tudun ƙaura ya yi? Shi ya sa na ba Saminu direba wannan, tunda duk mako yana kawo barkono daga Ikara, na kuma ja masa kunne kada ya ba kowa sai hannunka.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na haɗu da Rahama a taron zumuntar mata a Zariya, na matsa mata har ta faɗa mini abin da ke damunta. Ta ce shekara biyu ke nan ba ka ci Jibin Ubangiji ba. Ka ajiye dattijancin ikilisiya ba dalili, kai da kake ɗaukar tiren gurasar jibi kana raba wa mutane. Yanzu wai bencin baya kake zama, da zarar an yaye farin ƙyallen da ke kan tebur sai ka sulale waje kamar wanda aka aika. Fasto ya zo gida sau uku, dattawa sun tambaye ka ko ka yi abin horo ne, ka ce su bar ka kawai.

Na zauna na lissafa zunuban da za ka iya, ban samu na kirki ba. Ba ka shan burkutu. Ba ka da bakin yi wa mace magana, Rahama ma ni na yi maka zancen. Ko kazar maƙwabta ce ta ɓata hanya ta faɗa tukunyarka? In ita ce ka faɗa, zan saya musu wata.

Wasa nake yi, amma raina ba daɗi. Tun ina shekara shida Baba ya kawo ni daga Likoro wurin Gwaggo, mahaifiyarka, a kwano ɗaya muka ci da kai har na tafi makarantar kwana. Da tana raye da tuni ta tsare ka a ɗaki ta ji bakinka. Tunda ba ta nan, ni ce a madadinta, kuma ka san ba na gajiya da tambaya.

Ka ba Saminu amsa, ka haɗo mini da wake tiya biyu. Rahama ta ce ka daina noma shi, ban yarda ba.

Taubashiyarka kuma uwar ɗakinka,
Angelina

Malikanchi
26 ga Nuwamba, 2023

Angelina,

Na samu takardarki, na gode. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. An cire masara, dawa ce ta rage. Allah ya taimake ki a kan karatun.

Babu wake, kuma gaskiya Rahama ta faɗa miki. Tunda kin ce ke ce a madadin Inna, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa Fasto ba. Rahama kaɗai ta sani, ita ma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba.

Kin tuna shekarar da Inna ta rasu na samu wake buhu shida. A lokacin ɓarayi sun addabi unguwarmu, sun fasa rumbun gida biyu. Ɗakin Inna ne mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, ita kuma ta tafi Likoro wurin Kawu, mahaifinki, ta ce sai ta yi mako biyu. Sai na jera buhunan a ɗakinta, na sa wa kowanne ƙwayar maganin ƙwari, wadda muke kira bom, na ɗaure. Na san hayaƙinta yana kisa. Mai shagon da na saya a wurinsa ya faɗa mini kada a kwana kusa da ita. Na ce kafin ta dawo na kwashe.

Ta dawo kwana biyar kafin ranar da ta sa, wai ta yi kewar jikoki. Ni ina kasuwar Makarfi, sai da yamma na iso a gajiye. Na same ta a tsakar gida tana raba wa yara ƙuli-ƙuli, na durƙusa na gaishe ta, ta tambaye ni kasuwa. Angelina, ga inda maganar take. Ban manta ba. Ina tsaye a bakin rijiya ina wanke ƙafa na tuna da buhunan. Na ce kwana tara ke nan da sa maganin, ai ya huce, gobe da safe na fitar da su. Buhu shida ne, minti goma ya ishe ni. Lokacin sanyi ne, ta rufe ƙofa da taga.

Da safe Rahama ta kai mata koko ta same ta. Kowa ya ce tsufa ne da ciwon ƙirjinta na da. Ke ma da kika zo haka kika ce, kin kuma riƙe hannuna kina ba ni haƙuri. Na bar ku a kan haka.

Na roƙi Allah gafara, ba ranar da ba na roƙo. Na san ayoyin, ni nake koyar da su a ajin masu shirin baftisma. Amma duk ranar jibi, in Fasto ya karanta gargaɗin nan na kada mutum ya ci da rashin cancanta, sai ƙirjina ya hau bugawa, tafin hannuna ya jiƙe, in ji kamar da ni kaɗai ake. Hannun da ya ɗaure buhunan nan ba zai miƙa ya ɗauki gurasa ba. Na ɗauka wannan bugun ƙirjin shi ne amsar da Allah yake ba ni.

Ba kaza ba ce. Yanzu kin sani, ki yi abin da kika ga ya dace. Abu ɗaya nake roƙo, kada Kawu ya ji daga bakinki.

Ilisha

Malikanchi
7 ga Janairu, 2024

Angelina,

Barka da Kirsimeti da sabuwar shekara, da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Saminu ya zo sau biyar hannu wofi. Na daina zuwa tasha, don ya fara kallona da tausayi. Ba ki zo gida Kirsimeti ba, ke da ba ki taɓa fashi ba. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Da ni ne ma haka zan yi.

Na rubuto ne kawai don ki ji daga gare ni. In na sayar da barkono zan tafi Kudu neman aiki, akwai mutanen Furana da suke can. Rahama za ta zauna da yara. Gara in je inda ba wanda ya san na taɓa riƙe tire, in zauna a baya ba mai lura da ni. In ba ki son ki sake rubuto mini, ki riƙa kiran Rahama, ita ba ta yi miki komai ba.

Ilisha

Jos
14 ga Janairu, 2024

Ilisha,

Na samu takardunka biyu. Ina lafiya, ina gaida Rahama da yara.

Kirsimeti aiki ne ya faɗo kaina, abokiyar aikina ta haihu, ba don kai na ƙi zuwa ba. Amma shirun da na yi, wannan nawa ne, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Da na karanta takardarka na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ranar da aka binne ta. Na ji haushinka ƙwarai. Minti goma, Ilisha. Na rubuta maka amsa uku na yayyaga, domin ta farko zagi ce, ta biyu wa'azi, ta uku kuma ƙarya ce, na ce a ciki ba komai. Akwai komai. Gwaggo ce. Sai dai ina can ina fama da zuciyata, ban tsaya na yi tunanin yadda za ka karanta shirun ba. Ka yafe mini wannan.

Yanzu haushin ya sauka, abin da ya rage tausayi ne. Na yafe maka nawa rabon, da zuciya ɗaya. Ba don na mai da abin ƙarami ba, sai don na san ka tun kana yawo ba wando, na kuma san da za a ce ka kwanta a ɗakin a madadinta da ka kwanta.

Batun tafiya Kudu kuwa, ka ajiye shi. Can ma akwai coci, kuma can ma suna yaye farin ƙyalle.

Karatun da na ce maka ina yi, na taimakon mutanen da wani abu mai nauyi ya same su ne, ya ƙi barin zuciyarsu. Malamanmu sun karanci halayyar ɗan Adam, kuma masu bi ne, ba sa raba biyun. Abin da ka kwatanta, bugun ƙirji da gumin hannu, mun karanta shi, yana da suna, kuma ana samun sauƙinsa. Ni ba zan iya yi maka wannan aikin ba, na yi kusa da yawa, Gwaggo tana tsakaninmu. Amma akwai wani a Makarfi, Malam Gilbert, mutumin Zonkwa, yana aiki a wani ƙaramin asibiti a can. Ya riga ni gama wannan karatun da shekara huɗu. Duk ranar Alhamis bayan ya tashi aiki yana zama a ɗakin bayan cocinsu yana sauraron mutane, kuma abin da aka faɗa masa ba ya fita. Na gaya masa ɗan'uwana zai zo, ban gaya masa komai ba bayan haka.

Ga wani ɗan littafi da ake ba mu, da Hausa yake. Kada ka karanta shi kamar kana shirin jarrabawa, shafi ɗaya a rana ya isa.

Ka je sau uku kawai. In ba ka ga amfani ba, ni da kaina zan raka ka tasha. Bawa dai ba ya ƙaura sai da iznin uwar ɗakinsa, kuma ban bayar ba.

Taka,
Angelina

Malikanchi
25 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Angelina,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura, ta warke. Zafi ya fara shigowa.

Da na karanta inda kika ce kin yafe, na shiga bayan gida na daɗe ban fito ba. Amma da na kai inda kika ce abin yana da suna, raina ya ɓaci. Na ce wato Angelina ta mai da ni mai taɓin hankali, na kashe uwata ita kuma tana neman mini likitan mahaukata. Na jefa littafin a kan katanga, mako biyu yana can. Rahama ce ta sauko da shi, ta kakkaɓe, ta ajiye mini a kan babur ranar Alhamis ba ta ce uffan ba. Kin san shirun Rahama ya fi faɗanki ciwo. Na je.

Yanzu zuwana huɗu, kin ga na ƙara miki ɗaya. Gajeren mutum ne mai sanƙo, Hausarsa tana ɗan karkacewa, amma yana da kunne. Na tafi da shirin za a buɗe mini nassi, na ma tanadi amsoshi. Sai ya tambaye ni yadda nake barci, da ko akwai warin da ba na so. Na ce tafarnuwa, domin haka maganin yake wari, na hana a sa ta a miya a gidana. Ya ce in kwatanta masa abin da jikina yake yi in na ji warin. Na kwatanta. Ya ce in kwatanta abin da yake yi ranar jibi. Ina cikin faɗa na ji abu ɗaya nake maimaitawa. Ya ce jikin da ya firgita haka yake, duk abin da ya tuna masa da ranar sai ya tashi, kamar karen da aka taɓa duka da sanda, ko sandar makaho ya gani sai ya gudu. Sai ya ce, "Malam Ilisha, in bugun ƙirjin nan muryar Allah ce, to Allah yana hukunta ka a kan tafarnuwa ma ke nan?" Rabona da dariya har na manta, sai da ta kuɓuce mini.

Abin da ya sa na koma shi ne bai ce mini ba laifina ba ne. Da ya faɗi haka da bai sake ganina ba. Ya sa na rubuta abin da na sani a bakin rijiya a gefe ɗaya, abin da na sani da safe a ɗaya gefen. Muka duba tare. Ya ce akwai sakaci, an gargaɗe ni na yi ganganci, wannan zunubi ne na gaske, in kira shi da sunansa in kai wa Ubangiji. Amma ban nufi mutuwarta ba, kuma shekara biyu ina tuba a kan kisan kai da ban yi ba, na bar sakacin da na yi ban taɓa furta shi shi kaɗai ba. Mun durƙusa na furta shi. Gajeruwar addu'a ce, ba ta kai minti ɗaya ba.

Ya kuma tambaye ni shekara nawa na yanke wa kaina, da wanda ya zauna a kujerar alƙali ranar da aka yanke. Har yanzu ina juya tambayar in ina ban ruwa. Ya koya mini yadda zan ja numfashi a hankali in ƙirjin ya tashi, in taka ƙasa da kyau, in ambaci sunan Yesu ba da gaggawa ba. Ranar jibin watan nan ban ci ba, amma ban fita ba. Na zauna har aka gama, rigata ta jiƙe sharkaf.

A littafinki akwai inda aka ce mutum ya rubuta wa Allah kukansa ba tare da ya gyara ba. Na cika shafi shida. Na kuma rubuta wa Inna. Wannan ba zan nuna miki ba.

Ga abin da ya rage. Malam Gilbert bai ce dole ba, ni na kawo maganar. Kawu ƙaninta ne, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, daga gidansa ta dawo ta mutu. Duk lokacin da ya zo yana sa mini albarka yana cewa na riƙe yayarsa da kyau, sai in ji kamar in nutse. Ba zan iya zuwa teburin Ubangiji da wannan albarkar ta sata ba. Ina so in je in faɗa masa kafin Ista. Mahaifinki ne, kin san lafiyarsa. In kin ce kada in je, zan dakata.

Barkono na sayar, ban tafi ba.

Ilisha

Jos
3 ga Maris, 2024

Bawana,

Na gode wa Allah da jin lafiyarku. Ka ce wa Rahama ina bin bayanta, ita ce ta iya da kai. Ka kuma bar ta ta mai da tafarnuwa cikin miya a hankali, yaran nan ba su yi laifin komai ba.

Na karanta takardarka a ɗakin hutun ma'aikata ina hawaye, wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce a'a, akasin haka ne.

Batun Baba, ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Hawan jininsa yana nan, kuma ka san zuciyarsa in ta hau. Yana iya korarka, yana iya yin shekara bai yi maka magana ba. Ka tambayi kanka tun yanzu, in ya ƙi yafewa, shin gafarar Allah ta tashi ke nan? Ka kai wa Malam Gilbert wannan tambayar kafin ka hau babur. Baba kawunka ne, ba shi ne ya mutu dominka ba.

In ka shirya, ka je. Ka je da safe bayan ya karya ya sha maganinsa, kada ka same shi a gona. Ka tafi da Rahama ta zauna wurin Mama. Ba zan kira shi ba, ba zan share maka hanya ba, maganarka ce. Amma ranar da za ka je ka hau tudun nan ka yi mini filashin, zan yi azumi.

Angelina

Malikanchi
2 ga Afrilu, 2024

Uwar ɗakina,

Na yarda da sunan yau kaɗai, kada ki saba. Gaisuwar Ista, Almasihu ya tashi. Muna lafiya ƙalau. Na san Mama ta kira ki, amma ba ta cikin zauren, bari ki ji daga wanda yake ciki.

Mun je ranar Talata kafin Ista. Na samu Kawu a zaure yana gyaran igiyar shanu. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi farashin taki, har na ga in ban fara ba zan koma da abina. Na sauka daga benci na durƙusa, na faɗa masa duka, har bakin rijiya da minti goma. Ban ɗaga kai ba. Ya ajiye igiyar a gefe.

Sai ya ce ya sani.

Angelina, tun ranar ya sani. Da aka aika masa ya zo, shi ya fara shiga ɗakin bayan Rahama, warin ya buge shi tun daga ƙofa. Shekara arba'in yana ajiye wake, ba sai an faɗa masa ba. Kafin masu gaisuwa su taru ya kinkimi buhunan shi kaɗai, da tsufansa, ya kai bayan rumbu ya rufe da kara, ya buɗe taga. Ni duk zamanin nan na ɗauka Rahama ce ta sa aka fitar, ita kuma ta ɗauka ni ne. Ya ce ya dube ni a bakin kabari ya ga yadda nake, ya ce a ransa in aka ƙara wa yaron nan ko tsinke zai karye. Sai ya yi mini kara ya haɗiye. Albarkar da yake sa mini, wai so yake in gane ya yafe ba tare da ya kunyata ni ba. Da ya ji na daina cin jibi ya san dalili, sau biyu yana hawa mota zai zo, kunya ta mai da shi daga Kudan.

Ina durƙushe sai na ga tsohon nan ya zame daga kujera ya durƙusa a gabana. Ya ce shirunsa ne ya ɗaure ni shekara biyu, in yafe masa. Na ce Kawu ka tashi, na yafe, ai ba ka yi komai ba sai alheri. Ya ce a'a, in yafe masa. Na ce na yafe. Ya riƙe hannuna yana kuka ya sake cewa in yafe masa don Allah. A nan raina ya sosu, na ɗaga murya ga kawuna, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kawu, sau nawa zan faɗa? Na ce na yafe. Ba ka yarda da maganata ba ne?"

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Sau uku kawai ya roƙe ni na ji zafi, ni da ban kai komai ba. Ni kuwa kullum ta Allah, shekara biyu da wata uku, ina roƙon abu ɗaya a wurin wanda ya riga ya ba da maganarsa da jininsa. Na zauna daɓas a ƙasa. Kawu ya ɗauka jiri ne, ya ƙwala wa Mama kira ta kawo ruwa.

Na ba Malam Gilbert labari ranar Alhamis. Ya ce kada in ɗauka an gama, ranar tunawa da rasuwar za ta zo da nauyinta, ƙirjin ma zai riƙa tashi jefi-jefi. Zan ci gaba da zuwa sau ɗaya a wata. Na je wurin Fasto na faɗa masa komai. Ya ce ba abin horo a nan, na hori kaina fiye da yadda dattawa za su iya. Na roƙi a ba ni minti biyar ranar Lahadi mai zuwa in yi wa manoma magana a kan maganin nan, da sunana da na Inna. Ya yarda. Dattijanci kuwa na ce a bar shi tukuna.

Ranar Ista Kawu ya zo da sassafe a bayan ɗan acaɓa, da babbar rigarsa, ya ce a cocinmu zai yi sujada. Ya ja ni daga bencin baya zuwa na uku. Da aka karanta gargaɗin ƙirjina ya tashi kamar kullum. Na taka ƙasa, na ja numfashi, na bar shi yana bugawa. Tire ya iso. Mai rabawa ya ɗan sauko mini da shi. Na ɗauka, na ci, na sha.

Zan faɗa miki gaskiya, ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Ina ta jiran wani babban abu, sai na ji yunwa. Irin yunwar da mutum yake ji in ya wuni yana huɗa. Da ƙyar na jira aka yi addu'ar rufewa. Muna isa gida Rahama ta zubo mini shinkafa da miyar kaza, ta tsaya a kaina da ludayi a hannu tana kallona har na suɗe kwanon. Idonta ya kawo ruwa, ta tambaye ni ko a ƙaro.

Na ce a ƙaro.

Naki,
Ilisha